Kujerar Mai Kunne

"Minti talatin da takwas ne, Wagdi! Talatin da takwas! Ko so kake in rubuta maka a goshi?"

"Ashirin da takwas."

"A gidana? A kan faifaina? Sau nawa na auna shi da agogon hannuna, kana zaune kana cinye basbusar matata?"

"Ni ban ce agogonka ya yi ƙarya ba, Ustaz. Agogo bawan Allah ne, abin da ya gani yake faɗa. Kunnenka nake zargi."

Doktor Sarwat, likitan dabbobi, ya ɗauko kofin shayi zai kai baki, sai ya mayar da shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Madam Nihad, malamar lissafi, ta cire tabarau ta shiga goge shi da gefen mayafinta. Ni kuwa ina bakin ƙofar kicin a kan 'yar kujerata ina tsinkar ganyen lalo, na ce a raina, yau dai Juma'ar nan ba za ta tafi a banza ba.

Midhat, Ustaz ɗin da ke wannan musu da Wagdi, mijin 'yata Insaf ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune da su, tun rasuwar Alhajina. Ma'aikaci ne a ofishin ruwa a nan Iskandariyya, kuma tsakani da Allah mutumin kirki ne. Ba ya shan taba, ba ya ɗaga murya, albashinsa a hannun matarsa yake kwana. Ciwonsa ɗaya ne tak, wani Bature mawaƙi da ake kira Alden Marrick. Hotonsa na nan a bango kusa da na bikinsu, kuma nasa ya fi girma. Mutum ne mai sanƙo da tabarau, fuska a murtuke kamar an aiko masa da saƙon mutuwa.

Kiɗan nasa wai rok ne. Amma in ka ce rok kawai sai Midhat ya ɓata rai, ya ce a'a, mai ci gaba ne. Ni dai ci gaban da na gani shi ne waƙa ba ta san inda za ta tsaya ba. Sai ka ɗora shinkafa, ta dahu, ka sauke, mutumin bai gama gyaran murya ba. In ka ɗaga ƙafa za ka taka, sai kiɗan ya karya kwana ya bar ka da ƙafa a sama. Madam Nihad ta ce ai daɗin ke nan, wai sauran mawaƙa huɗu-huɗu suke ƙirgawa, shi kuwa bakwai-bakwai. Na ce Allah ya ƙara masa.

Su huɗun nan, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai su hallara a falonmu su yi abin da suke kira zaman sauraro. A rufe tagogi saboda ƙarar taram, jirgin ƙasan cikin gari. A zuba wayoyi cikin kwando. A kashe firji, wai yana gurnani, kifin Insaf kuwa ya yi ta zufa a ciki. Ba tari, ba atishawa. Hatta ƙofar gida Midhat ya bi gefenta ya manna mata soso da tsohon bargo, don kada wani ya shigo ta yi ƙara allura ta yi tsalle. Shekara tara ba a ji motsin ƙofar nan ba.

A tsakiyar falon kuma, daidai tsakanin manyan sifikokin nan biyu masu kama da akwatin gawa, akwai kujera guda, an zagaye ƙafafunta da jan tef a ƙasa don kada ta goce ko da faɗin yatsa. Wai a nan ne kaɗai kiɗan yake haɗuwa sosai. Wanda ya fi kowa ji shi ke zama a kai, suna kiransa Mai Kunne. Midhat ya same ta ne ranar da ya jiyo makaɗin ganga yana haɗiye miyau a wata waƙa, sauran suka saurara sau shida kafin su ji. Tun daga ranar yake kai. A ofis an tsallake shi a ƙarin girma har sau biyu, bai ce uffan ba. Amma kujerar nan, ko ni da na haifi matarsa ban isa in ɗora ɗuwawuna a kai ba.

Wagdi kuwa, mai shagon tayil, ƙaton mutum mai gumi ko da sanyi, abokinsa ne tun suna sakandare suna kwafar kaset a ɗakin uwar Wagdi. Shekara tara yana zaune a hannun dama yana kallon kujerar nan kamar mage da kifin maƙwabta.

"Faɗi abin da ke bakinka," in ji Midhat. Muryarsa ta yi sanyi, wanda kuwa ya san shi ya san lokacin ne ya fi zafi.

Wagdi ya share wuya da hankici. "Na kira wani a Beirut. Shi ma yana da Baƙin Faifan. Na ce ɗan'uwa, don Allah auna min. Ya auna, fuska biyun duka. Ashirin da takwas. Ina minti goman namu suka fito, Ustaz? Gyara aka yi mana?"

"Nasa na jabu ne."

"Ko kuma wata takwas muna juya shi a kan gudun talatin da uku, alhali na arba'in da biyar ne."

Doktor Sarwat ya ce, "Innalillahi." Madam Nihad ta ɗaga ido sama, leɓunanta na motsi. Lissafi take. Da ta gama sai ta mayar da tabarau, ta kasa kallon kowa.

Bari in gaya muku abin da ake kira Baƙin Faifai. Baturen nan ne ya buga shi, ɗari uku kacal a duk duniya, ya roƙi masoyansa kada kowa ya ɗora shi a waya ko intanet, suka kuwa bi kamar umarnin uba. Baƙi ne ƙirin, kwalinsa baƙi, tsakiyarsa baƙi, babu ko harafi ɗaya. Sai wata baƙar ambulan da ta zo a ciki, a liƙe. Su masu tara faifai ba sa buɗe irin wannan. Wai in ka buɗe ka zubar mata da daraja. Midhat ya sa ta a leda, ya sa ledar a wata ledar, ya kulle a kabad ɗin gilashi inda a da kofunan aurena suke.

Faifan ya iso ne a makon da mahaifin Midhat, Amm Fikri, ya rasu. Midhat bai yi kuka a maƙabarta ba. Kwana uku ana zaman gaisuwa idonsa a bushe, yana ta miƙa wa mutane gahawa kamar ɗan aikin gidan. Ran na huɗu ya ɗora faifan. Sai ga wani kiɗa a hankali, mai nauyi, kamar ana jan jirgin ruwa a kan yashi. Can sai wata murya ta taso, ƙasa-ƙasa, ba kalmomi, sai dai "ooo, ooo" kamar daga cikin rijiya. Midhat ya kifa kai ya yi kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba.

Daga nan fa aka samu abin yi. Ya bayyana wa sauran cewa muryar nan ta uba ce yana kiran ɗansa daga kabari. Ƙararrawar da ake bugawa a tsakiya, ta rakiyar gawa ce. Wani gurnani da ke zuwa sau uku a minti na ashirin da ɗaya, wannan nishin ƙarshe ne. Duk Juma'a sai sun rufe zama da shi, duk Juma'a sai an yi hawaye. Wagdi ma, wanda aka yi wa aikin zuciya bara, har shessheƙa yake, tumbinsa na rawa. Insaf ta daina sayen tishu ƙarami, ta koma babban kwali.

To ni, ranar farko da na ji shi na san abin da ke ciki. Alhajina gidan shayi gare shi a bakin teku, da garmaho a kan kanta, kuma shekara ashirin ni ke canja faifai in ya fita. Duk wanda ya yi wannan aikin ya san kukan faifan da aka sa wa gudun da ba nasa ba. Sai na leƙo na ce, "Ustaz, faifan nan kamar yana jan ƙafa."

Ya juyo da jajayen idanu, a gaban baƙi, ya ce, "Hajja, wannan ba kiɗan biki ba ne. Ba kowane kunne aka yi wa shi ba."

Na ce to. Na koma kan lalona. Wata takwas ban ƙara cewa komai ba. Sai makon jiya da na haɗu da matar Wagdi a wajen mai kifi. Kuma wallahi ba wata magana na yi ba. Cewa kawai na yi, "Ummu Hani, garmahon Alhajina lamba biyu gare shi a jikin maɓalli. Ko na zamani ɗaya ce gare shi? Tambayar min maigidanki." Shi ke nan. In tambaya laifi ce, to na yi.

"Ga maɓalli nan," in ji Wagdi. "Murɗa mu ji."

"In na murɗa ai dole ya canja. Ko kai aka murɗa sai ka canja. Wa ya ce haka mai shi yake nufi?"

"To buɗe ambulan."

Doktor Sarwat ya dafe ƙirji. "Haba, Wagdi! A liƙe fa take. Ɗari uku a duniya!"

"Doktor, kai dai yi shiru. Kai da kake barci tun minti na biyar."

"Ba barci nake ba, lumshe ido nake don in shiga ciki."

"Kana shiga ciki da minshari?"

"Ya isa," in ji Madam Nihad da muryar aji. Duka suka natsu, har ni.

Wagdi ya miƙe, ya gyara wando a kan tumbi. "Ga sharaɗi, a gaban shaidu. A buɗe. In babu komai a ciki game da gudu, ni Wagdi na koma zama a bakin ƙofa kusa da takalma har in mutu, basbusa ma na yafe. In kuwa akwai…" Bai ƙarasa ba. Kujerar kawai ya kalla.

"In na ƙi buɗewa fa?"

"Sai mu san Mai Kunne tsoron takarda yake."

Midhat ya tashi, ya ce zai sha ruwa. Ya wuce ni ya shiga kicin, ya buɗe firjin da ya kashe da hannunsa, ya tsaya yana kallon duhun ciki. Insaf tana soya tafarnuwa, ba ta ko juyo ba.

"Ka buɗe musu takardar nan mu huta," ta ce. "Kifina ya fara wari."

"Insaf, ba ki gane ba."

"Na gane sarai. Mutum huɗu masu furfura sun rufe taga suna kuka da rana tsaka, maƙwabta na tambayata wa ya sake rasuwa."

Ya rufe firjin. Ya zo ya tsuguna a gabana, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗauki reshen lalo ɗaya yana tsinka ba daidai ba.

"Hajja," ya ce a hankali. "Ranar nan. Kin ce yana jan ƙafa."

"Ni? Ai ba kowane kunne aka yi wa shi ba."

Ya runtse ido. "Na ji. Na cancanci wannan. Amma don girman Allah gaya min, da gaske kike ko tsokana ce?"

Na dube shi. Gashin kansa ya yi fari a wata takwas ɗin nan, ban lura ba sai yau. Na so in ce tsokana ce. Wallahi na so. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ɗana, saniya ma in ta yi irin wannan kukan, Doktor Sarwat ake kira."

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, kamar ba da ni yake ba, "A cikinsa na yi sallama da Baba. A minti na ashirin da ɗaya. Duk mako."

Insaf ta rage wuta. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ciro ɗan makulli daga cikin aljihun rigarsa, ya koma falo. Na ajiye tiren lalo na ja kujerata gaba kaɗan. Tausayi daban, kallo daban.

Ya wanke hannu tukuna. Ya ciro leda daga cikin leda. Doktor Sarwat ya kawar da kai kamar za a yi yanka. Midhat ya ɗauko wuƙar buɗe wasiƙa, ya yi bismillah, ya sa bakinta a gefen ambulan.

Kafin ya danna, ambulan ta buɗe da kanta.

Ya tsaya. Ya kai ta kusa da ido. Ya kankare gefen da farce, wani farin gari ya zubo a kan wandonsa. Ya shinshina.

"Wannan ai ƙullun fulawa ne," ya ce.

"Ka ga Bature!" in ji Doktor Sarwat. "Ko gam ba ya amfani da na kanti. Komai nasa na asali."

Midhat ya ɗago kai. Ya juyo a hankali ya dube ni. Ni kuwa na ga wani zare a hannun rigata da ke bukatar cirewa.

To, tunda an zo nan, bari in faɗa. Watanni shida da suka wuce, yana ofis, ni da Insaf muka ɗora buta, don makullin kabad ɗin na biyu yana wurina tun zamanin kofuna. Namiji ya kulle takarda a kabad, ya ɓoye makulli a aljihun ƙirji, wace mace ce za ta yi barci? Ni na ce hoton wata mace ne. Insaf ta ce wasiyya ce. Tururi ya yi aikinsa, muka leƙa, muka mayar. Turanci ba na karantawa, amma lamba ko a jikin motar haya ina ganewa.

Kati ne guda ɗaya a ciki. Midhat ya zaro shi, ya kalla, fuskarsa ta yi kamar an zare mata jini. Ya miƙa wa Madam Nihad. A gaban katin, lamba ce ƙatuwa, fara sol, ta cika shi daga sama har ƙasa: 45. A baya kuma hoto ne. Baturen nan ne, mai murtukakkiyar fuska, yana dariya har ana ganin wawulonsa, yana gudu a bayan wata 'yar yarinya a kan keke, wani ɗan kare kamar tsintsiya na biye da su.

"Karanta," in ji Wagdi.

Madam Nihad ta gyara murya. "Ya ce, wannan na 'yata ne, ranar da ta koyi tuƙa keke. Ita ce ke waƙar. Ku buɗe tagogi, ku ƙure murya, ku ture kujeru gefe."

Ba wanda ya yi motsi. Daga ƙasa aka ji mai gas yana buga tukunyarsa da sifana, ya wuce.

Midhat ya tashi daga kujerar. Ya shafa hannunta sau ɗaya, inda fatar ta goge saboda gwiwar hannunsa.

"Bismillah, Mai Kunne," ya ce wa Wagdi.

"Haba, Ustaz, ai ba sai yau ba…"

"Zauna."

Wagdi ya zauna. Kujerar ta yi ƙara, ta karɓe shi da ƙyar. Ya ɗora hannuwa, ya miƙe ƙafa, ya dubi dama ya dubi hagu. Shekara tara yana jiran wannan, kuma na ga murmushin da yake ta dannewa yana ɓullowa ta gefen gashin baki.

Midhat ya goge faifan. Ya sa yatsa a kan maɓallin da bai taɓa taɓawa ba, ya murɗa. Ƙas. Ya sauke allura. Sannan ya waiwaya yana neman wurin zama, bai ga ko ɗaya ba, don Doktor ya riga ya matsa kujerar Wagdi, ya ɗora ƙafa a kan tasa. Sai ya zo ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar kicin, kusa da ƙafata.

Jama'a, ashe kiɗa ne!

Jirgin da ake ja a kan yashi ya zama jaki mai sukuwa. Ganga ta ɗauka, jita ta bi ta a guje. Muryar rijiyar nan, uban da ke kira daga kabari, sai ga ta 'yar yarinya ce siririya tana "la, la, la" tana haki. Ƙararrawar rakiyar gawa ta ce ƙirrin-ƙirrin, ta keke ce. Kafin in ankara ƙafata ta fara aiki da kanta. Insaf ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya, kafaɗarta ɗaya ta motsa, ɗayar ta amsa.

"Wannan wane ne?" ta ce.

"Shi ne," na ce.

"Mutumin bangon? Ashe yana da jini a jiki!" Ta wuce kai tsaye ta buɗe taga, ba wanda ya hana ta. Iskar teku ta shigo da ƙarar taram da warin soyayyen kifin maƙwabta.

Madam Nihad tana ƙirgawa da yatsa a kan gwiwa. "Har yanzu bakwai-bakwai ne," ta ce da rawar murya, kamar wadda gidanta ya ƙone ta tsinci cokali a toka. Doktor Sarwat kuwa, karon farko a shekara tara, idonsa biyu.

Aka juya faifai. Muka doshi wurin nishin ƙarshe. Na ga Midhat ya ƙanƙame gwiwoyinsa. Kiɗan ya ɗan lafa, yarinyar ta yi dariya, sai ɗan karen nan ya ce, "Wau! Wau! Wau!"

"Ƙaramin kare ne," in ji Doktor. "Bai fi kilo huɗu ba. Lafiyarsa ƙalau."

Kafaɗun Midhat suka fara rawa. Na ce shi ke nan, na kashe wa 'yata miji. Na sunkuya zan dafa shi, sai na ga ba irin kukan da na sani ba ne. Hawaye na zuba, amma bakinsa a buɗe, dariya yake har ba ta fita.

"Hajja," ya ce yana share fuska da hannun riga, "kin tuna Baba a bikinmu?"

Wa zai manta? Amm Fikri ya ɗaure ƙugu da mayafin matarsa, ya hau tebur da sanda, sai da mutum uku suka sauko da shi. Mutumin da ko gaisuwar mutuwa ya je sai an roƙe shi ya daina ba da labari.

"Wata takwas ina sa shi yana nishi," in ji Midhat. "Baba! Mutumin da bai taɓa tafiya a hankali ba. Shi ya koya min keke a bakin teku, ya sake ni na faɗa kan mai gasa masara, ya tsaya yana dariya."

"Ai da ya ji yadda kake juya faifan nan, da ya taso ya murɗa maɓallin da kansa," na ce.

"Kashe! Kashe abin nan!"

Wagdi ne. Duk mun manta da shi. Yana zaune a tsakiyar jan tef, daidai inda kiɗan ke haɗuwa sosai, keke da kare da yarinya duk suna sauka a kansa. Gumi ya jiƙe rigarsa, fuskarsa ta yi jawur.

"Wannan ba shi ba ne," ya ce. "Wannan kiɗan tallar alewa ne. Midhat, mayar da shi yadda yake."

"Yadda yake? Ai ga shi yadda yake."

"Ka san abin da nake nufi! Mayar da shi talatin da uku. Ni a asibiti, da suka tura ni ɗakin aiki…" Ya tsaya, don ya tuna aikin zuciyarsa ya riga faifan da wata huɗu. "To, bayan na fito! Da shi nake tuna abin da na tsallake. Duk mako nake jiran minti na ashirin da ɗaya. Yanzu ka ba ni kare?"

"Ni na ba ka? Wa ya kira Beirut?"

"Kujera na ce ina so! Ban ce a taɓa min faifai ba!"

"To ga ka a kujera," in ji Midhat daga ƙasa, ya jingina da bango, ya miƙe ƙafa kamar mai hutun ƙarshen mako. "Mai Kunne kuma ba ya sauraron kuskure. Dokarka ce, ranar da Doktor ya juya wayar sifika. Abin da mai waƙa ya nufa, shi za a ji. Insaf, a sake sa shi daga farko?"

"A sake," in ji Insaf. "Kuma a kunna min firji."

"Madam Nihad! Ki yi magana!"

"Lamba ba ta ƙarya, Ustaz Wagdi."

"Doktor?"

"Ni dai karen ya burge ni."

Wagdi ya yunƙura zai tashi, kujerar ta taso tare da shi. Ya fizge, ta faɗi gefe, ta bar jan tef ɗin a fili. Ya nuna Midhat da yatsa, ya nuna hoton bango, sannan ya juyo ya nuna ni.

"Ke, Hajja! Duk ke ce! Mace ta je sayen kifi ta dawo min da wuta!"

"Ni tambaya na yi, ɗana. Ka ɗauki basbusa ka kai wa Ummu Hani."

Ya zari wayarsa daga kwando, ya cusa ƙafa a takalmi, ɗaya ma bai shiga ba. "Shekara arba'in! Daga yau ba ni ba gidan nan!" Ya fita, ya kama ƙofa da hannu biyu, ya jawo ta da duk ƙarfin da Allah ya ba shi.

Ƙofar ta ce fuf. Kamar an ajiye matashi.

Muka bi ta da kallo. Yarinyar Bature na ta "la, la, la." Can sai hannun ƙofar ya motsa. Wagdi ya sake leƙowa, bai kalli kowa ba. Ya sa farce a gefen ƙofar, ya kama bakin tsohon bargon nan, ya ɗaye shi tun daga sama har ƙasa, da soso da ƙusoshi da komai. Ya naɗe shi, ya ajiye a kan takalman Doktor.

Sannan ya fita, ya buga ta garam.